Jirgin Safe da Ƙananan Farantan Pilar

Watanmu na huɗu a Amurka yarinyar ta rufe bakinta ga abinci. Ba rana ɗaya ta yi ba. Da farko tuwo ta ƙi, na ce garin masarar ƙasar nan ne bai karɓe ta ba, don ni ma sai na runtse ido nake haɗiye shi. Sai ta ƙi shinkafa, ta ƙi taliya. Ƙarshe madara kaɗai take sha, ita ma sai na bi ta da kofi daga bakin ƙofa zuwa bayan kujera. Shekararta uku a lokacin. Duk ranar da na goya ta sai in ji bakin zanen ya ƙara saura a hannuna.

A Woodbridge muke zaune, a ɗakin ƙasa na gidan wasu mutane, wanda suke kira besmen. Taga ɗaya gare mu, can sama dab da rufi, ba abin da ake gani ta cikinta sai tayoyin motoci da ƙafafun masu wucewa. Da takalma na san maƙwabtana kafin in san fuskokinsu. Malam, maigidana, tasi yake ja a Washington. Da an sallame asuba yake fita don ya riga cunkoson babbar hanya, abincinsa ma a cikin mota yake ci. Wuni guda daga ni sai ita sai ƙugin firij.

Ummi ɗiyata ce ta fari. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, shi ya sa ake sakaya shi. A Maradi ko wannan Ummin ban taɓa kira a gaban mutane ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar can", ita kuma ta ce mini Yaya kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari na kakanni ne, uwa tata kunya. Tun da aka yaye ta a ɗakin Hajiya, uwar Malam, take kwana. Idan an sauke tukunya akwai wani babban kwanon silba da ake zuba wa yaran gidan, su tara ko goma, a ajiye musu a gindin itacen bedi, su rufe shi da kawunansu. Ni daga bakin madafa nake satar kallo. Da na ga hannunta ya shiga sai in kau da kai, kada wata ta ce, "A'a, Rakiya, ɗiyar fari ake leƙe?" Ban taɓa sa mata loma a baki da hannuna ba sai a Amurka.

Mun kai ta likita sau uku. Aka ɗebi jini, aka duba maƙogwaro, aka ce ba a ga komai ba. Amma duk zuwa sai nas ɗin ta ɗora ta a sikeli, ta dubi lambar, ta dube ni, ta yi rubutu. Wannan rubutun ne ya hana ni sakewa. Tanti Balki, wata 'yar garinmu mai saye da sayarwa a Alexandria, ta taɓa ce mini a ƙasar nan idan yaro ya rame har hukuma ta ga alama, gida ake zuwa a ɗauke shi. Ban san gaskiyar maganar ba har yau. Amma tun daga ranar, duk takalmin da ban sani ba ya tsaya a tagarmu sai in janyo ta jikina. A asibitin sun ba mu shawara mu saya mata doguwar kujera irin ta yara da faranti mai ɗaki-ɗaki, kowane abinci da ɗakinsa. Muka saya. Sai in ɗora ta can sama ita kaɗai kamar alƙali, ta dubi farantin, ta dube ni, ta juya kai bango.

Labari ba ya ɓuya. Ranar wata Lahadi Malam ya kankare katin waya ya kira gida, ina jin muryar Hajiya daga inda nake zaune.

"Kun kai mini takwara ƙasar sanyi kuna shanya ta kamar kuɓewa. Ku dawo mini da abata. Ita Rakiyar yaushe aka haife ta da za ta iya riƙon ɗiyar fari?"

Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon kafet. Sai ya ce, "Tanti Balki za ta gida nan da wata biyu. Idan yarinyar nan ba ta gyaru ba, za ta bi ta."

Na ce, "To."

Me zan ce? Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce tana son ɗiyar farinta kusa da ita? Na tashi na shiga bayi na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Pilar ma da takalmanta na fara saninta: baƙaƙe, marasa tsini, da ɗigon fulawa a kansu. Su ne na farkon wucewa da safe, tun gari bai waye ba. Wata yamma ina zaune a matakalar waje da kofin madara ina roƙon Ummi, sai ga takalman sun tsaya a gabana. Na ɗaga kai na ga wata gajeriyar dattijuwa, gashinta fari an yanke shi kamar na namiji. Ta yi mini Turanci, na girgiza kai. Ta yi wani yare, na girgiza kai. Sai ta gwada Faransanci. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin a cire ni, amma ɗan abin da ban zubar ba ya taso mini har baki kamar kuka.

"Ba ta ci?"

"Ba ta ci, Madam."

"Tun yaushe?"

Na nuna mata da yatsu. Ta tsuguna ta kama damtsen Ummi da yatsu biyu, yadda ake taɓa kaza a kasuwa, ta yi tsaki. Ashe mutuniyar Sipaniya ce, ta yi aiki a Faransa da ƙuruciyarta, yanzu tana zaune gida na uku da namu wurin ɗiyarta, tana girki a wani gidan abinci na mutanensu a cikin Washington. Washegari ta kawo mana yankan wata wainar ƙwai mai kauri da dankali a ciki. Ummi ta shinshina ta ture.

Pilar ta ce, "Ɗiyata, abu ɗaya ne wannan. A wurin aikina akwai kala talatin. Kawo ta. Ko jaki ne aka jera masa talatin zai zaɓi ɗaya."

Ta rubuta mini sunan tasha da sunan titi a bayan wata ambulan, ta ce in hau jirgin ƙasa. Ita jirgin farko take bi, ba zan iya fitar da yarinya a wannan duhun ba, sai dai in biyo ta daga baya.

Ku da kuka taso kuna jin kukan jirgi a Kano ko Ƙauran Namoda ba za ku gane ba. Mu a Nijar ba mu da shi, a hoton littafin lakwal kawai na san shi. Na ɗauka kamar tashar mota ne, ka je lokacin da ka shirya, in ta cika a tashi. Na ce wa Malam zan kai yarinyar wurin aikin maƙwabciyarmu ta gwada abincinsu, yana ɗaura takalmi ya ce Allah ya sa a dace. Na gama wanke-wanke, na yi wanka, na sa atamfata mai kyau, na goya Ummi, muka taka zuwa tasha wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ba kowa. Muka zauna a benci. Wani dogon jirgin kaya ya wuce bai ko rage gudu ba, na miƙe ina ɗaga masa hannu. Har azahar ta yi muna nan. Sai wani tsoho mai shara ya zo ya nuna mini agogonsa, ya nuna wajen gari, ya ce, "Safe." Ya nuna wajen gidanmu ya ce, "Yamma." Ashe jirgin ma'aikata ne, da safe ya kwashe su ya kai gari, da yamma ya dawo da su. Baƙo makaho ne ko da idonsa.

Rana ta biyu ƙarfe bakwai ta same mu a tasha. Mutane cike, kowa da kofin kofi a hannu, ba mai ce wa wani sannu. Goyon da na yi kawai suke kallo ta gefen ido. Wata mata ta latsa mini injin tikiti, amma ban san ana sake cusa tikitin a wani ƙaramin inji ya buga masa hatimi kafin a shiga ba. Da jirgin ya iso, mai bene, ƙasa tana rawa a ƙarƙashina, na yi bisimilla ta kai bakwai. Muna zaune sai ga kwandasta, wata ƙatuwar baƙar mata da hula. Ta juya tikitina gaba da baya, ta fara magana da ƙarfi. Na ce shi ke nan, yau za a sauke mu a daji, ko a kira masu ɗaukar yara. Sai ta leƙa bayana ta ga fuskar Ummi. Ta ciro biro ta yi rubutu a kan tikitin da kanta, ta karɓi ambulan ɗin Pilar ta karanta, ta ɗaga mini yatsu shida. Tsayawa shida ke nan. Na ciro carbina, duk inda jirgi ya tsaya in ja ɗaya in riƙe.

Muna tashi kaɗan muka hau kan wata gada, ruwa shimfiɗe a ƙasa da ƙananan jiragen ruwa farare. Ummi ta manna goshinta a gilashi.

"Yaya, gulbi! Ina shanun?"

A gida ba ta taɓa ganin ruwa ba shanu a bakinsa ba. Na ce suna gaba. Muka wuce dazuzzuka, da bayan gidaje, da filin da aka tara motoci kamar an zuba wake a tabarma. A Alexandria na tuna Tanti Balki tana nan wani wuri cikin dogayen benayen can tana ɗaure kayan tafiya, na ƙara matse yarinyar a jikina har ta ce na danne ta.

Tashar ƙarshe gari ce guda. Rufinta ya yi nisa har sai da na riƙe ɗankwalina kafin in ga ƙarshensa. A bakin ƙofa wani mutum mai fara'a ya karɓi ambulan ɗina, ya ce in biyo shi. Ya ja mu titi biyu, sai ya tsaya ya ɗaga takardar sama, ya miƙo ɗaya hannun. Sai da na kwance bakin zanena na ba shi abin da ke ciki sannan ya sake mini ita, kuma ashe ba ma hanyar ba ce. Na yi ta nuna wa mutane takardar nan, wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna yamma. Ƙarshe hancina ne ya kai ni. Na shiga wani lungu sai na ji ƙamshin tafarnuwa a cikin mai, na bi shi har wata ƙofar ƙarfe, na tarar da Pilar tana zubar da ɓawon dankali.

Ina shiga na yi turus. Ƙafar alade ce guda a rataye, har da kofatonta, ga kwalabe jere a bango har rufi. Na ce a'uzubillahi, na juya. Pilar ta riƙo mini mayafi tana dariya.

"Shekara nawa na yi ina girki da 'yan Maroko? Na san dokarku, ɗiyata. Wancan ba naku ba ne, ko wuƙarsa daban take. Zo ki gani."

A gabana ta wanke kasko da sabulu sau biyu. Ta zaunar da mu a wani ƙaramin tebur a lungu, ta fara kawowa. Ni da na yi tafiyar jirgi ina jiran tire, sai ga wasu 'yan farantai kamar waɗanda ake sa wa baƙo goro. Wannan zaitun biyar. Wannan jatan lande huɗu suna tafasa a mai da tafarnuwa. Wannan soyayyen dankali da jan yaji a kansa, bai fi cikin tafin hannu ba. Burodi yanka biyu an goga masa tumatir. Wasu dunƙule-dunƙule kamar ƙosai, cikinsu kaza da madara. A raina na ce, ikon Allah, a Maradi wadda ta ajiye wa baƙo wannan, gobe da zancenta za a ja ruwa a rijiya. Na ɗauka rowar mai gidan ce, ko kuma na yara ne. Pilar ta ce a'a, haka ake cinsa, tapas sunansa, a garinsu manya ma haka suke yi, a ɗan taɓa nan a ɗan taɓa can ana hira.

Ta jera wa Ummi faranti goma sha ɗaya, na ƙirga. Yarinyar nan ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta cusa fuskarta a cinyata. Na gwada dankali, na gwada ƙosan, na yi roƙo, na yi zare ido. Pilar ta tsaya riƙe da ƙugu, sannan ta koma bakin wutarta. Ni kuwa ina zaune ina lissafin kwanakin da suka rage wa Tanti Balki.

Wajen sha ɗaya, kafin a buɗe wa masu saye, sai na ga ma'aikatan suna jawo tebura suna haɗawa. Su tara ne, masu girki da masu wanke-wanke da masu kai abinci, yawancinsu daga ƙasashen da ke kudu da Amurka. Aka zube ƙananan farantan nan a tsakiya, har da namu da aka kwashe. Tun ranar da na sauka Malam ya ja mini kunne cewa a ƙasar nan ba a sa hannu a farantin wani, ko matarka ce. Sai ga shi waɗannan kowa yana miƙa hannu ta kan na kowa. Wannan ya cafke zaitun daga gaban wancan, wancan ya buge masa hannu da cokali, ana ihu, ana dariya, ana rigima a kan jatan lande na ƙarshe. Rabona da jin irin wannan hayaniyar a kan abinci tun gida.

Ban ji saukar Ummi daga cinyata ba. Sai ganinta na yi ta kutsa tsakanin wani ƙaton mai gashin baki da wata mai wanke-wanke, ta yi ɗage, haɓarta a bakin tebur. Na zabura zan janyo ta kada ta ja mana abin kunya. Pilar ta damƙe mini wuyan hannu, hannunta duk mai, ba ta ko dube ni ba.

Mai gashin bakin ya kai hannu kan ƙosan da ya rage guda. Ummi ta riga shi. Ya buɗe baki ya dafe ƙirji kamar an yi masa fashi, wurin ya kaure da dariya. Ta cusa shi duka a baki, kumatu suka cika, ta tare farantin dankali da hannun hagu, yadda yaran gidanmu suke kare gefensu na kwano. Ya sake kai hannu da gangan, ta sake riga shi. Ta ci dankali, ta ci wainar ƙwan nan da ta ture a gida, ta ci ƙananan kifi har da kai, yaji ya kama ta ta sha ruwa ta koma.

Ni kuwa da na ga hannunta ya shiga sai na kau da kai, jiki ya saba. Ina kallon bango sai na tuna babu wanda ya san ɗiyar fari a nan, babu mai yi mini dariya. Na juyo na kalle ta har na ƙoshi. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, na ɗauka zancen miya ake yi. Pilar ta turo mini farantin jatan lande ta ce, "Ke ma ɗin ƙashi ce, ci." Na dangwala burodi a man tafarnuwar nan ina ci hawaye na zuba, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Daga nan muka mayar da shi Talata da Alhamis, ranakun da mai gidan abincin ya yarda. Kwandastar nan ta san mu, har takan ajiye mana gefen taga. Mu ci, in taya Pilar feraye dankali, mu bi jirgin farko na yamma, Ummi tana barci a bayana da nauyin da nake ji har cikin raina. Ni ma na koyi son abin. Har yau in na ji ƙamshin tattasai kore da aka gasa aka barbaɗa wa gishiri, sai yawuna ya tsinke.

Amma mako kwana bakwai ne. Sauran biyar ɗin muna besmen. Na sayo ƙananan farantai, na shimfiɗa zane a ƙasa, na jera. Na zagaye su da 'yan tsananta da filo biyu, ina canja murya, ina wawurar dankali ina cewa, "Kai, Sani, bar mata!" Ta dube ni ta ce, "Yaya, su ba su ci." Na kai ta gidan Tanti Balki mai jikoki uku, na tarar kowanne ya ɗauki farantinsa ya zauna gaban talabijin, in an yi musu Hausa su amsa da Turanci. Ummi ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana neman inda za a taru.

Wata Alhamis muna tsakiyar ci sai ga Malam a ƙofar ƙarfen. Ya sauke fasinja a kusa ya ce bari ya ga wurin da ake kai masa ɗiya. Idonsa ya fara sauka a kan ƙafar aladen, sannan kwalaben. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Rakiya, gidan giya?"

Na nuna masa tebur da haɓa. Ummi tana tsaye a kan akwatin tumatir da aka ajiye mata, maiƙo har gwiwar hannu, tana faɗa da mai gashin baki a kan kifi, ita da Hausa shi da yarensu. Malam ya tsaya da makullin mota a hannu. Pilar ta miƙo masa wainar ƙwai a ɗan faranti, ya karɓa bai sani ba.

Ranar ba mu bi jirgi ba, shi ya mayar da mu. Mun kusa rabin hanya, cunkoso ya tsayar da mu, kafin ya yi magana.

"Ashe mutane take nema."

"Na gani, Malam."

"A gida kuwa su ne suka yi yawa."

Abin da na sha wahalar jirgi don in nuna masa, shi ne ya zama hujjar Hajiya. Ya dube ni ta madubi.

"Nan ba Maradi ba ne, ba mai jin ki sai ni. In kina so ta zauna, faɗa. Ni zan ji da Hajiya."

Na dubi motar da ke gefenmu, na ce da ita, ba da shi ba, "Ina so."

Ya ce, "Shi ke nan."

Kwana tara na yi ina jin daɗin maganar nan. Sai ƙanƙara ta sauko, irin wadda ta toshe tagarmu gaba ɗaya, ɗaki ya koma kamar cikin tulu. Jirgi ya tsaya. Da jirgin ya dawo aiki Ummi ta kama tari, ba halin fita da ita cikin sanyin asuba. Mako biyu ba mu je ba, mako biyu madara. Da muka koma likita nas ta ɗora ta a sikeli, duk abin da farantan Pilar suka ƙara ya zube har da ƙari. Ta yi rubutu mai tsawo. Da rana ina yi mata wanka, na sa soso a bayanta, na ji yatsuna suna faɗawa tsakanin haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wasa da ruwa ba. Sai ta ce, "Yaya, yaushe za a kira mu cin abinci?"

Na shafa mata mai, na sa mata riga, na ɗauki waya na kira Tanti Balki da kaina. Na ce a yi wa Ummi takardun tafiya.

Da na gaya wa Pilar ba ta ce kada in yi ba, ba ta kuma ce na kyauta ba. Ta ci gaba da yanka albasa. Can ta ce lokacin da ta tafi Faransa ta bar ɗanta na fari wurin uwarta a ƙauye, shekara shida.

Na ce, "Ya gane ki da kika koma?"

"Ya gane ni. Ya ba ni hannu kamar baƙuwa. Yanzu ga shi can da tumbi da sanƙo, yana kirana ranar sallarmu." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Za ta ci, ɗiyata. Wannan na yi miki alkawari. Sauran ban sani ba."

Alhamis ɗin ƙarshe suka cika tebur har ba wurin ajiye kofi. Mai gashin baki ya bar Ummi ta ci shi da yaƙi a kowane faranti. Ranar Asabar a filin jirgin sama Tanti Balki ta riƙe hannunta suka shige, tana waiwaye tana tambaya ko jirgin nan ma zai bi ta kan gulbi.

Ban daina hawa jirgin safe ba. Pilar ta yi mini magana aka ɗauke ni feraye da wanke ganye. Nakan zauna gefen taga, zanen goyon a ninke cikin jaka, ban san me ya sa nake ɗaukarsa ba. Kwandasta ta leƙa bayana sau ɗaya, ta dube ni, ba ta sake tambaya ba.

Sai da ta yi kwana goma na iya kira. Na daidaita lokaci, ƙarfe ɗaya na rana a nan, bayan magariba a can. Hajiya ta ɗauka, muka gaisa, na tambayi jikinta, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Ita ta gaji ta ce, "To mai kunya, ba za ki tambaya ba? Takwara! Zo ga Yayarki."

Na ji ƙarar kwanon silba a ƙasa, da hayaniyar yara, wani yana cewa an ci masa gefe. Na ji gudun ƙananan ƙafafu. Sai numfashinta a kunnena, da ƙyar maganar take fita don bakin a cike yake.

"Yaya."

"Na'am. Kina lafiya? Me kike ci?"

"Tuwo. Yaya, za su cinye."

Ta saki wayar a kan tabarma ta ruga. Hajiya tana can tana yi wa wani faɗa, ta manta da ni, ba wanda ya kashe. Na zauna a bakin gado na manna wayar a kunne da hannu biyu. Ina jin hannuwa suna karo a cikin kwano, ina jin muryarta sama da ta kowa tana cewa nata ne, nata ne. Na saurara har katin ya ƙare.